DAGA ZANGON KUTARE ZUWA WANNAN MAJAMI'A: TAƘAITACCEN TARIHIN AIKIN BISHARA A CIKINMU

Kwamitin bikin cikar ikilisiyarmu shekara 50 ya roƙe ni in rubuta tarihi. Sunayen fastoci da dattawan da suka yi hidima a nan suna wani shafi na wannan littafi, saboda haka ni zan koma baya kaɗan, domin matasanmu su san irin mutanen da bishara ta fara samu a ƙasar nan.

Ran 4 ga Disamba 1893 samari uku suka sauka Ikko, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da nufin kai bishara ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran wannan yanki namu a lokacin. Kafin shekara ta 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sake gwadawa a 1900 bai yi nasara ba, sai a 1902 mishan ɗin SIM ya kafa tasharsa ta fari a Patigi. A wannan shekara ce Dokta Andrew Stirrett ya zo, wanda Hausawa suka sa wa suna Bature Mai Magani, ya kuwa zauna cikinmu har ya rasu a 1948. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932.

Amma fa ƙofar ƙasar Hausa a rufe take. Gwamnatin Turawa ta yi wa sarakuna alkawari ba za ta taɓa addininsu ba, don haka ta hana mishan yin wa'azi a manyan garuruwan sarauta. Shekara da shekaru ana jira. Da Allah ya tashi buɗe ƙofa, ta wurin kutare ya buɗe ta.

Ku da aka haifa kwanan nan ba ku san abin da kuturta take a da ba. Mutum yakan ga tabo a jikinsa ya ɓoye shi da riga har ya gagara ɓoyewa. Daga nan sai a ware masa ƙwarya da tabarma, matarsa ta tafi gidansu, a yi masa bukka a bayan gari, abincinsa ya zama bara. A Garkida mishan ɗin 'Yan'uwa ya buɗe wurin jinyar kutare tun 1929. A 1937 sarakuna da gwamnati suka yarda SIM ta karɓi zangunan kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, waɗanda muka sani da Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. SUM kuma ta kama aiki a Molai kusa da Maiduguri. A ƙasar Nijar aka buɗe asibitin Galmi a 1950, na kutare a Danja kusa da Maraɗi ya biyo baya a 1956.

Maganin farko allurar man wani itace ne daga Indiya, mai zafi ƙwarai, ga shi kuma ba ya warkar da kowa. Sai wajen 1950 ƙwayar dafson ta zo, mutane suka fara komawa gida da takardar sallama. Amma abin da tsofaffin da na sani suka fi tunawa, ba allura ba ne. Wani tsoho da ya yi jinya a ɗaya daga cikin zangunan nan ya taɓa gaya mini cewa ranar da ma'aikaciyar jinya ta kama ƙafarsa da hannunta ta wanke gyambon, ya yi kuka, domin ya manta rabon da wani ya taɓa shi. Markus 1:40-42 ya nuna mana Ubangiji da kansa ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, alhali da magana kaɗai yana iya warkar da shi. A cikin zangunan nan mutane suka koyi karatun boko da ɗinki da aikin magani. Waɗansu suka ba da gaskiya aka yi musu baftisma, waɗansu suka warke suka tafi da addininsu, dukansu kuwa an yi musu magani ɗaya. Da yawa daga cikin masu bishara na fari a ƙasar Kano da Katsina daga can suka fito, suna riƙe Littafi da guntayen yatsu.

A nan dole in faɗi wani abin kunya. Ina yaro na ga wata majami'a, ba zan faɗi sunanta ba, inda aka ware wa waɗanda suka warke benci na baya, ranar Jibin Ubangiji kuma aka ajiye musu nasu ƙoƙo dabam. Likita ya ce sun warke, ikilisiya ba ta yarda ba tukuna. Wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata ce ta kawo ƙarshen wannan al'ada. Ba ta yi wa kowa gardama ba, sai dai kowace Lahadi ta ɗauki Littafin Waƙoƙinta ta je ta zauna a bencin baya, har sauran mata suka ji kunya suka bi ta.

Aikin bai tsaya a hannun Turawa ba. A 1948 masu bi na ƙasa suka kafa ƙungiyar aika masu bishara wadda daga baya ta zama EMS, a 1954 kuma aka kafa ECWA. Rabaran Panya Baba ya shugabanci EMS daga 1970 zuwa 1988, a zamaninsa ne kuwa aikin ya yi ƙarfi cikin Maguzawa na karkarar Kano da Katsina da Zariya. Mai bishara yakan tafi da matarsa da 'ya'yansa, mai gari ya ba shi gona, ya yi noma da damina, da rani ya koya wa yara karatu a gindin itace. Ikilisiyoyi suna tara masa hatsi da ɗan abin da baiko ya samar. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓi asibitoci da makarantun mishan da yawa, a 1976 kuma SIM ta miƙa wa ECWA ragamar aiki.

A cikin wannan zamani ne aka kafa ikilisiyarmu. Waɗanda suka fara sujada a nan leburori ne da 'yan ci-rani da gwauraye, da waɗansu da suka fito daga jinya ba su da gidan komawa. Ni kaina ina saurayi na zauna a kan tubalin da muke mai da shi kujera. Ba mu da makirfo, amma bayan sujadar safe akan raba mu biyu biyu mu shiga unguwa, a san wanda ba shi da lafiya da wanda bai hura wuta ba.

Yau kuturta tana da magani na kyauta, ko da yake har yanzu ana samun sababbin masu ita kowace shekara. Masu ciwo na zamaninmu sun sake kama. Tun 2014, shekarar da aka sace 'yan matan Chibok aka kuma kori 'yan'uwanmu na EYN daga hedkwatarsu a Kwarhi, 'yan gudun hijira suke zuwa garuruwanmu, ga kuma waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu a Zamfara da Katsina da Kaduna. Ga samarin da ƙwaya ta cinye, waɗansunsu 'ya'yan membobinmu ne, kunya ta hana iyayensu kawo maganar wurin addu'a. Mun yi katanga da ƙofar ƙarfe, ban kuwa ga laifinmu ba, gama mun san abin da ya sa. Sai dai wanda ba shi da kayan Lahadi, in ya ga mai gadi yana bincike a bakin ƙofa, yakan wuce abinsa.

Na duba littattafan kuɗinmu na shekarun baya, na ga gini yana cin kaso mafi girma, tallafin masu bisharar da muka ɗauki nauyinsu kuwa yakan yi watanni bai tafi ba. Saboda haka na roƙi majalisar dattawa abu biyu: a fara biyan bashin masu bisharan nan daga baikon ranar biki kafin a sayi ko buhun siminti ɗaya, a kuma maido da fitar biyu biyu ta ranar Lahadi, a fara da unguwar da ke bayan katangarmu, inda iyalan gudun hijira suke haya. Dattawa sun ce za su zauna a kan maganar bayan biki. Wanda yake so ya shiga fitar, ya ba sakataren ikilisiya sunansa.