Yadda Birtaniya Ta Rufe Kasuwar Sayen Ƙuri'a

A shekarar 1852 majalisar dokokin Birtaniya ta ƙwace wa garin St Albans kujerunsa biyu, bayan bincike ya gano cewa sayar da ƙuri'a ya zama sana'ar mutanen garin. Garin Sudbury ya riga shi shan wannan hukunci a 1844, Grampound kuwa tun 1821.

Ba dokoki aka rasa ba. Tun 1696 aka hana ɗan takara shayar da masu zaɓe giya da ciyar da su, a 1729 kuma aka sa tarar fam 500 kan cin hanci. Matsalar tana ga yadda ake zaɓen a wancan zamani. A bainar jama'a mutum ke hawa dandali ya faɗi sunan wanda ya zaɓa da babbar murya, a rubuta a littafi, wani lokaci ma a buga littafin a sayar. Wanda ya biya kuɗi yana tsaye yana ji. Mai gona yana iya korar manomin da ya saɓa masa. Ƙarin abin takaici, 'yan majalisar ne da kansu ke sauraron ƙorafin zaɓe, kuma da wuya kura ta hukunta 'yar'uwarta.

A 1868 aka miƙa shari'ar zaɓe ga alƙalai, a 1872 aka kawo ƙuri'ar sirri, aka fara gwada ta a zaɓen cike gurbi na Pontefract. Mutane suka ɗauka an gama. Ashe da sauran rina a kaba: masu zaɓe suka gane cewa yanzu suna iya karɓa daga ɓangarorin biyu ba wanda zai san inda suka dangwala. Zaɓen 1880 ya yi ƙaurin suna, har aka kafa kwamitocin bincike a garuruwa irin su Macclesfield, Sandwich, Oxford da Gloucester.

Wannan abin kunya ne ya haifi dokar 1883, wadda babban lauyan gwamnatin Firaminista Gladstone, Sir Henry James, ya jagoranta. Hikimarta ita ce ta bi kuɗin tun daga tushe. An ƙayyade abin da ɗan takara zai kashe gwargwadon yawan masu zaɓe a mazaɓarsa. Dole ya naɗa wakili ɗaya tilo, ta hannunsa kowane kwabo zai fita, ya kuma kawo lissafi a rubuce. An hana hayar karusa don kwaso masu zaɓe. Wanda aka kama da cin hanci yana iya shan ɗaurin shekara ɗaya da tarar fam 200. Idan ɗan takarar ne da kansa, ya rasa kujerarsa, ya yi shekara bakwai ba majalisa, mazaɓar kuma ya bar ta har abada. Ko wakilinsa ne ya yi laifin, kujerar ta tafi. Nan ne dokar ta yi cizo, domin "ban sani ba, yarana ne" ta daina fitar da kowa.

Kuɗin da 'yan takara suka bayyana sun kashe ya sauko daga kimanin fam miliyan 1.7 a 1880 zuwa kimanin miliyan ɗaya a 1885, alhali masu zaɓe sun ƙaru sosai.

Nijeriya ta gaji wannan tsarin laifuffuka daga Turawan mulkin mallaka. Sashe na 121 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya tanadi tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun, kan cin hanci a zaɓe. Ga mai neman kujerar gwamna, wannan kuɗin cefane ne.

A Birtaniya kuwa har yanzu kotun zaɓe na aiki da gadon 1883. A 2015 ta tsige Lutfur Rahman daga kujerar magajin garin Tower Hamlets a Landan, cikin laifuffukan da ta same shi da su har da cin hanci, aka hana shi takara shekara biyar.