Tantance juna a makarantar allo

Tantance juna hanya ce ta koyo wadda ɗalibi ke duba aikinsa da na abokan karatunsa, ya gano kuskure, a gyara kafin malami ya yanke hukunci. Tsohuwar al'ada ce a makarantun allo da tsangayun Kano, Katsina, Zariya da Maraɗi, da kuma unguwannin Hausawa na ƙetare irin su Briqueterie, kusa da kasuwar Mokolo a Yawunde, babban birnin Kamaru.

Yadda ake yi

Gardi, wato babban almajiri, yakan biya wa ƙananan almajirai, kolo da titibiri, allonsu, ya saurari tilawarsu. A wajen musaffa, mahaddata suna karanta Alƙur'ani bi da bi, sauran suna gyara wa mai karatu harafi ko wasalin da ya kuskure. A zaman darasu kuwa, ana duba rubutun allo a bainar jama'a. Izinin wanke allo yana hannun malam.

A ilimin zamani

A shekarar 1998, Paul Black da Dylan Wiliam na King's College da ke Landan sun yi bitar bincike kimanin 250. Sun nuna cewa tantancewa a lokacin koyo, ciki har da ɗalibi ya auna kansa, tana ƙara ƙwazon ɗalibai, musamman masu rauni.