Mai a Gindin Taya: Kanikanci Tsakanin Nguru da Gashuwa

Duk wanda ya san tashar mota a Jajimaji, hedikwatar ƙaramar hukumar Karasuwa da ke kan hanyar Nguru zuwa Gashuwa, ya san wata alama a jikin motocin daji: baƙin danshi ta cikin taya, yashi ya manne masa. Man giya ne ke tsiyaya daga hob, wato cibiyar taya. Direba zai ce sil ya mutu, a sa masa sabo. A sa, bayan 'yan kasuwanni ya dawo da kukan da ya zo da shi tun farko. Daga nan zargi ke komawa kan mai sayar da kayan gyara, ko kan bakanike. Ra'ayina shi ne, a mafi yawan lokuta sil ɗin shaida ne kawai na wata ɓarna da ke bayansa, kuma sanin wannan ɓarna shi ne gadon da kanikancin wannan yanki ya tara, gadon da yanzu ake sakaci da shi.

Sana'ar ta samo tushe ne daga inda dogo ya tsaya. A 1930 layin jirgin ƙasa daga Kano ya iso Nguru, bai wuce nan ba. Gyaɗa da fatu da ƙaro da kanwa da busasshen kifi sai an kawo su Nguru daga ƙasar Bade da Manga, har da ƙetaren iyakar Nijar, kafin su hau jirgi. Da farko raƙuma da jakuna da takarkarai ne ke wannan aiki, daga baya manyan motoci suka shigo. Landiroba, wadda aka fara nuna wa duniya a 1948, ta zama motar jami'an mulki da ma'aikatan lafiya da na dabbobi, kuma idan gwamnati ta yi gwanjonta sai ta koma hannun 'yan kasuwa, ta shiga jigilar ƙauyuka. Bayanta Toyota ta karɓe fagen da Land Cruiser da Hilux. Duk motar da ta lalace a nan, Kano ta yi mata nisa, Maiduguri ma haka. Dole ta sa aka samu masu gyara a gida, waɗanda suka koyi aikin a ƙarƙashin mota, yaro yana miƙa wa maigidansa sifana shekara da shekaru kafin a yaye shi.

Ƙasar da suka koyi aikin a kanta ba ta da sauƙi ga ƙafar mota, domin ta haɗa yashi da ruwa wuri guda. Arewa da hanya, wajen Machina da Yusufari har zuwa Bulatura da Tulo-Tulowa, rairayi ne da tuddan yashi. Kudu da ita kuma fadamun Haɗeja da Nguru ne, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kafin su haɗu kusa da Gashuwa su zama kogin Yobe. Mota ɗaya tana iya shan yashi da safe, ta ratsa ruwa da yamma. Sil kuwa ɗan zobe ne na roba mai siririn leɓe, da wata 'yar waya naɗaɗɗiya da ke matse leɓen a jikin ƙarfe mai santsi. Idan yashi ya shiga tsakaninsu, a hankali yake cin ƙarfen har ya fitar da wata 'yar kwari da farce ke iya ji. Sabon sil da ya zauna kan wannan kwari ba zai riƙe mai ba, ko daga ina aka kawo shi. Haka idan boris ya ci ko ya yi sako-sako: hob yana rawa, leɓen yana buɗewa yana rufewa. Shi ya sa gwanin bakanike ke ɗaga mota da jak, ya kama taya sama da ƙasa ya jijjiga kafin ya taɓa komai. Akwai kuma abin da aka fi mantawa da shi, wato ɗan hancin shan iska da ke saman aksul. Mai yana zafi a tafiya, iskar ciki tana kumbura, idan laka ta toshe hancin ba ta da mafita sai ta tura mai ta wajen sil. Idan kuma aksul mai zafi ya faɗa ruwan sanyi, sai ya zuƙo ruwa ciki, mai ya koma fari kamar kunu.

Maganin da tsofaffin sana'a suka sani ya bi waɗannan dalilai ɗaya bayan ɗaya. A tsohuwar Landiroba, ƙarfen da sil ke gudana a kai zobe ne mai cirewa: a tsaga shi da kurfi, a sa sabo. Inda babu wannan dama, a goge wurin da takardar yashi mai laushi, ko a zaunar da sil ɗin ɗan gaba ko ɗan baya don leɓensa ya samu ƙarfe mai lafiya. A wanke hanci, a ɗaura masa tiyo a kai shi sama inda ruwa ba ya kaiwa. A shafa wa leɓen mai, a shigar da sil a miƙe, ba da bugun guduma a gefe ɗaya ba. Kada a cika mai ya wuce bakin ramin awo.

Za a ce, to ai kayan jabu sun cika kasuwa, su ne tushen matsalar. Akwai gaskiya a nan, kuma tana da tarihi. A ƙarshen shekarun 1970 ana harhaɗa Landiroba a masana'antar Leyland da ke Ibadan, kayan gyara na asali suna samuwa. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, sabon kaya ya fi ƙarfin mai mota, aka koma ga kayan gwanjo 'yan Beljiyam da masu arha da ake sarowa daga Ƙofar Ruwa a Kano. Robar da ba ta jure zafi tana bushewa ta tsage da wuri. Amma wannan hujja ba ta bayyana dalilin da ya sa taya ɗaya tak ke yoyo a kai a kai ba, alhali sauran ukun suna ɗauke da sil irin nata daga shago ɗaya. Abin da arhar kaya ta jawo ya fi jabun kansa muni: ta sa canza sil ya fi bincike sauƙi, direba yana sauri, fasinja suna jira, bakanike kuma ba a biyansa ladan gano dalili, sai ladan kwancewa da ɗaurawa.

Wasu kuma za su ce kwalta ta kai Machina da Yusufari, zamanin motar daji ya wuce. Kwalta ta haɗa manyan garuruwa ne kawai. Mai kanwa a Bulatura, da masunci a cikin fadama, da mai naƙuda a ƙauyen da ke bayan tudun yashi, har yau motar da ke jan ƙafa huɗu suke jira. Kuma man da ke tsiyaya daga hob ba ƙasa kaɗai yake zuba ba. Yana jiƙe takalmin birki, mota ta riƙa fizga gefe ɗaya idan an taka, sannan boris ya bushe ya ƙone da lodin mutane da buhuna a kai, a wurin da garejin da ya fi kusa yake tafiyar rabin yini.