Daga Dandali Zuwa Fikinik: Waiwaye Kan Wasanninmu Na Gargajiya

Ya zama ruwan dare a yanzu ƙungiyoyin ci gaban gari da na tsofaffin ɗalibai da manyan zuri'o'i su ware rana guda a shekara, galibi bayan Sallah, su ɗebi mata da yara zuwa wani lambu ko bakin madatsar ruwa, a ci a sha a sada zumunci. Wasu na kiran abin ranar iyali, wasu kuma fikinik, kalmar da ta bi bakin samarin Kano tun lokacin da ake tururuwa zuwa Bagauda da Tiga. Da wuya ka duba takardar shirye-shiryen irin wannan rana ka rasa wani layi da aka rubuta "wasannin gargajiya", tsakanin jawabin shugaba da rabon abinci. Za a tara yara a ce su yi langa, 'yan mata su yi gaɗa, wani dattijo ya ɗauki lasifika yana koya musu. Muna yaba wannan ƙoƙari. Sai dai ya kamata mu tambayi kanmu yadda aka yi wasan da a da iyaye ke korar yaro daga gare shi da bulala, yau ya zama sai an yi masa hayar mota da alkawarin kyauta kafin ya yi shi.

Idan muka waiwaya, za mu tarar kowane wasa yana da lokacinsa, kuma lokacin ba na agogo ba ne. Dambe da kokawa na kaka ne, sa'ad da aka kai amfani gida, ciki ya cika, hannu kuma ya sami abin yi wa makaɗi kari. Gaɗa da langa da ɓuya na daren farin wata ne, bayan an tashi daga karatun allo. Tashe sai watan azumi ya kwana goma. Kalankuwa kuwa bikin samari da 'yan mata ne na bayan girbi, inda suke naɗa gwamnansu da alkalinsu da 'yan dokarsu, su yi kwanaki suna kwaikwayon mulkin manya. Wato wata da damina su ne ke buga ƙararrawa, ba sakataren shirye-shirye ba.

Abu na biyu, wanda a ganinmu ya fi na farko nauyi, shi ne dandali mallakar yara ne. Akwai sarkin samari, 'yan mata ma suna da tasu shugabar, kuma su ke raba faɗa, su ci tara, su kori wanda ya cika zalunci har sai ya ba da haƙuri. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950 a ƙasar Zazzau, aka buga shi da Turanci a 1954, ta yi bayanin irin wannan zama na tsara da tsara tun ƙarshen ƙarni na 19. Yaron da aka zaɓa ya zama "ruwa" a langa, wanda 'yan ɓangarensa za su kare shi yana ɗingishi da ƙafa ɗaya har ya kai gida ya sha, ba uba ne ya zaɓe shi ba, ba kuma don gidansu ya fi kuɗi ba. Sa'o'insa ne suka auna shi suka ga ya fi su iya zulliya. A nan ne ɗan malami da ɗan mahauci da ɗan hakimi ke gane cewa ƙasa ɗaya ce ke karɓar kowa idan an ture shi.

To amma kada mu ɗauka cewa ɗauko wasa daga muhallinsa domin a nuna wa 'yan kallo sabon abu ne. A 1824 matafiyin nan na Birtaniya, Kyaftin Kilafaton, yana zaune a Kano ya ji labarin 'yan damben Hausa, sai ya aika baransa da tayin wuri 2,000 a zo a yi masa. Suka zo da makaɗa, mahautan gari na biye da su. Shi da kansa ya rubuta cewa ya hana a yi dambe na gaske, don ya ji ana iya rasa rai. Mai karatu ya lura da abubuwa uku da suka haɗu a wannan rana: an biya kuɗi, an sa lokaci, an kuma cire haɗarin. Shekara 200 ke nan, amma da za a ba Kilafaton kujera a fikinik ɗinmu na yau, ba abin da zai ba shi mamaki sai lasifika.

Abin da ya kashe dandali ba abu ɗaya ba ne, kuma ba mu cikin masu ɗora wa wayar hannu dukkan laifi, domin ta tarar da gawa ne. Shirin ba da ilmin firamare ga kowa na 1976 ya sa yaro tashi da sassafe, ga aikin gida da dare. Wutar lantarki ta rage wa farin wata daraja, talabijin ya shigo da nasa tatsuniyoyin, bidiyo ya biyo baya a shekarun 1990. Filayen unguwa aka yanka su fuloti-fuloti. Wa'azi ya yi ƙarfi a kan cakuɗuwar maza da mata da dare, kuma gaskiya ne ba duk abin da ake yi a dandali ne abin alfahari ba. Wanda ya san tsarince ya san abin da muke nufi. Daga baya rashin tsaro ya zo ya rufe ƙofa. Ko tashe, da ya fi sauran jurewa, 'yan sanda sun sha hana shi a Kano saboda 'yan daba da ke fakewa da shi, har da azumin 2025.

Wasannin da suka tsira su ne waɗanda hukuma ko kasuwa ta ɗauka. A Nijar, gwamnatin Seyni Kountché ta mayar da kokawa gasar ƙasa a 1975, aka fara a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Yau jihohi 8 ke kawo 'yan kokawa goma-goma, ƙasa ta tsaya cik har a ga wanda zai tafi da takobi. A Najeriya an shigar da dambe da kokawa da langa cikin gasar wasanni ta ƙasa, aka yi wa langa alkalin wasa da usur da rigar 'yan wasa, aka kasa ta ruwa da tureshi da kawoshi. Dambe ya sami gidajensa na dindindin inda ake sayen tikiti, Kudu da Arewa da Guramaɗa na karawa rani da damina, hotunansa kuma na yawo a YouTube har ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Shago ko Ɗan Anace ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya shiga kundin UNESCO a 2016.

Duk waɗannan na maza ne, kuma na masu ƙarfi. Wasannin 'yan mata ba su sami gwamna ko attajirin da zai sa musu takobi ba. Ga shi kuwa a nan ne asarar ta fi shafarmu, mu masu alƙalami, domin gaɗa makarantar waƙa ce. Yarinya na tsaye cikin da'ira, ana tafi, za ta ƙaga baiti nan take ta yi wa kishiyar uwarta habaici, ko ta soki auren dole, ko ta yi wa saurayi marowaci zambo, sauran su amsa. Waƙar na sauyawa da abin da ya faru a gari a makon nan. Wadda ake yi a ranar iyali kuwa haddatacciya ce, malama ta koyar da ita daga littafi, ana yin ta a gaban iyaye, ba mai iya saka sunan kowa a ciki. Littattafan ma da ake ɗaukowa, irin su Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya da Wasannin Yara na Umaru Dembo, na farkon shekarun 1970 ne. Sun yi aikinsu, Allah ya saka musu, amma abin da suka kama shi ne bakin yaran wancan zamani, na wasu garuruwa ƙalilan. Yadda ake carafke a Gumel da yadda ake yi a Dogon Dutsi ba lalle su zo ɗaya ba, kuma matan da suka san bambancin yanzu jikoki suke goyo.

Wasa ɗaya ne muka lura bai taɓa neman a sa shi cikin takardar shirye-shirye ba, shi ne dara. Gurbi 30 a ƙasa, biyar sau shida, kowa da 'ya'yansa 12, wannan da tsinke wancan da dutse, wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin karawarsa. Ba ta bukatar fili, ba ta bukatar wata, ba ta jiran kaka. Har gobe ana buga ta a gindin bishiya a bakin kasuwa da tashar mota, 'yan kallo sun fi 'yan wasa yawa da surutu, kuma yaron da aka aiko sayen goro yana nan tsaye a bayansu ya manta da aiken.