Shigar Wayar Lantarki Gidan Ƙasa: Waiwaye Daga Ƙasar Wurno

Sa'ad da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗin Wurno wajen 1830, da fitilar aci-balbal ake haskaka ɗaki, watau ɗan kasko da mai da lagwanin auduga. Fitilar ƙwai ta biyo kananzir a zamanin Turawa. Duka biyun nan ba su tilasta wa magini sake kome ba, domin alkukin da ya saba fafewa a jikin bango ya ishe su mazauni. Lantarki ne hasken farko da ya zo da sharaɗi a kan ginin kansa.

Tarihin hukumominsa sananne ne. An yi dokar kafa ECN a 1950, aka gama madatsar Kainji a 1968, sa'an nan aka haɗe hukumar lantarki da ta madatsu a 1972 aka sami NEPA. Daga Kainji wutar ke bi ta Birnin Kebbi ta iso Sakkwato, kafin ta nufo gabas wajen Wurno da Raba da Goronyo. Madatsar Goronyo kuwa, wadda aka gama a 1984, don noman rani da ruwan sha aka gina ta. An sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, Jihar Sakkwato ta faɗa rabon kamfanin Kaduna.

Ƙa'idojin jan waya daga Ingila muka gada, har da filogi mai ƙafa uku, kuma don gidan bulo aka tsara su. A ƙauyuka irin su Kwargaba da Achida kuwa, gidan da wayar ta tarar na tubali ne da azara. Bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa, saboda haka sai aka riƙa kafa siririn katako a ɗora waya a kai; gara ta ci katakon, wayar ta yi lilo. In lokacin yaɓe ya zo a shafe ta da laka, har mai gida ya manta inda ta bi. Da aka koma rufin kwano sai haɗarin ya sake kama, domin bakin kwano kan yanke robar waya, rufin duka ya ɗauki wuta da damina.

Wayar da ta fi shan wulakanci ita ce ta uku, wadda ake haɗawa da ƙarfen da aka binne a ƙasa don ta janye wutar da ta ɓalle. Tun da ƙwai na kamawa ko babu ita, da yawa sun ɗauke ta almubazzaranci. Ko inda aka sa ta, busasshen rairayin rani ba ya jan wuta sosai, shi ya sa ƙwararru ke zuba gawayi da gishiri a ramin, su bi da ruwa. Haka fis: an yi shi ne ya ƙone kafin gida ya ƙone, amma sau nawa ake musanya shi da kakkauran jan ƙarfe?

A ganina asalin matsalar na ga yadda sana'ar ta shigo. Gini da ƙira gado ne, suna da sarakunansu masu tsawatarwa. Mai gyaran wuta kuwa yaron shago ne da ya koya da ido, ba Sarkin Magina a kansa. Harshe ma ya nuna yadda aka karɓi abin. Ba a tsaya ga kalmar aro ta lantarki ba, sai aka kira shi wuta, aka ce an ɗauke ta, an kawo ta, kamar garwashin da ake ɗebowa daga maƙwabta. Wanda ya saba ɗebo wuta a gidan maƙwabci, da wuya ya ga laifin jawo waya ta kan katanga. Allunan sola da suka yaɗu a shekarun baya sun gaji ɗabi'ar: ƙaramin ƙarfin batir yana bukatar waya mai kauri, amma siririya ake saya don araha.