Me ya sa walƙiya ke riga tsawa isowa?

Walƙiya da tsawa lokaci guda suke faruwa, amma ido kan riga kunne samun labari. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya, sauti kuwa kimanin mita 340 kacal yake ci a cikin iska. Walƙiya wutar lantarki ce da ke taruwa a gajimare. Idan ta fashe takan zafafa iska nan take, iskar ta buɗe da ƙarfi, ƙarar da ake ji ita ce tsawa.

Ana iya auna nisanta: a ƙirga sakan nawa ne tsakanin haske da ƙara, kowane sakan 3 kilomita ɗaya ne. In ba su kai 30 ba, hadarin ya matso, sai a bar gona da gindin bishiya a shiga ɗaki.