Taskace Kiɗa da Waƙoƙin Gargajiya a Ƙasar Ailan

Tarihin tattara kiɗan gargajiya a Ailan ya soma sosai ne a watan Yuli na shekarar 1792, lokacin da aka tara makaɗan haf a birnin Belfast. Haf kayan kiɗa ne mai tsirkiyoyi da yawa na tagulla, kuma a da makaɗansa na fada ne, suna ci suna sha a inuwar sarakunan ƙasar. Da mulkin Ingila ya rushe waɗannan gidajen sarauta a ƙarni na 17, sai makaɗan suka koma yawo gida-gida. 'Yan Ailan goma kaɗai suka halarci taron, da yawansu tsofaffi ne makafi. Babbansu, Denis Hempson, ya haura shekara 90, kuma shi kaɗai ya rage yana kaɗawa da dogayen farata irin na mutanen da.

Wani saurayi ɗan shekara 19, Edward Bunting, shi aka ɗora wa aikin rubuta abin da suka kaɗa. Daga baya ya bi wasunsu har gida, ya kuma buga littattafai uku, na ƙarshen a 1840. Ba don shi ba, da yawancin kiɗan nan ya bi masu shi kabari. Sai dai aikin bai rasa aibi ba. Bunting ya tashi ne da kiɗan coci, saboda haka ya gyara karin waƙoƙin don su dace da fiyano da kunnen masu kuɗin birni. Kuma bai iya harshen Gelik ba. A 1802 ya aika Patrick Lynch yammacin ƙasar ya rubuto baitoci, amma ba a buga su tare da karinsu ba. Wato an sami kari, an bar magana a baya, abin da duk ɗalibin harshe zai ji ciwonsa. Shi ya sa manazarta a yau suka fi dogara da littattafansa na rubutun hannu, inda ya rubuta abin da ya ji tun bai gyara ba.

Yunwar da ta soma a 1845 ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka yi ƙaura, kiɗan ya bi su. Don haka aka yi wani babban kundi a Amurka. Francis O'Neill, haifaffen yankin Cork, ya shugabanci 'yan sandan Shikago daga 1901 zuwa 1905. Shi ke busa kari da sarewa, wani sajan mai suna James O'Neill yana rubutawa, suna kuma ɗauka daga bakin 'yan ci-rani. Littafinsa na 1903 ya ƙunshi kari 1,850.

Takarda dai ba ta riƙe karyar murya da adon da mawaƙi ke yi wa kowane baiti. Hukumar adana al'adun gargajiya da aka kafa a 1935 ta ɗauki Séamus Ennis aiki a 1942, ya riƙa zagaya ƙauyukan yamma a kan keke, da alƙalami da takarda. Bambancinsa da Bunting shi ne yana jin Gelik, shi kansa makaɗi ne, kuma yana rubuta baiti da karinsa tare da sunan wanda ya rera. Daga baya ya koma aikin rediyo, ya ci gaba da naɗar muryoyin da na'ura. A 1987 aka buɗe taskar kiɗan gargajiya ta ƙasar a Dublin, inda ɗalibi zai iya ajiye rubutaccen kari a gabansa, ya kunna faifai, ya ji abin da rubutun ya bari.